Yaushe Ake Zuwa Tromso? Tarihin Wata Tambaya

Duk wanda ya yi niyyar tafiya wata ƙasa mai nisa, kafin ya tambayi kuɗin jirgi ko na masauki, yakan fara da tambayar yanayi: wane wata ne ya fi dacewa a je? A yawancin garuruwan duniya amsar ba ta da wuya. A kauce wa tsananin zafi, a kauce wa tsakiyar damina, shi ke nan. Amma akwai garuruwan da tambayar ta fi haka nauyi, domin a can har dare da rana ma sukan ɓace na tsawon watanni. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tromso, a arewacin ƙasar Norwe, gari mai mutane kusan dubu 80, wanda cibiyarsa take kan wani ƙaramin tsibiri tsakanin duwatsu da teku.

Idan muka bi tarihin wannan gari za mu tarar an daɗe ana yin tambayar, kuma kowane zamani da amsar da ya bayar. Masunci ya ba da tasa, ɗan kasuwa ya ba da tasa, soja ya zo ya juya ta baibai, yau kuma ɗan yawon buɗe ido ya kawo wata sabuwa. Fitowar rana da faɗuwarta suna nan yadda suke tun fil azal. Abin da yake sauyawa shi ne buƙatar da take kawo baƙo.

Yadda shekara take a can

Tromso yana digiri 69 da ɗoriya arewa da ikwaita, wato kimanin kilomita 350 a cikin da'irar Aktik. Duniya tana zagaya rana ne a karkace, da kimanin digiri 23 da rabi, kuma wannan karkata ce take haifar da bambancin tsawon dare da yini. Mu da muke kusa da ikwaita ba mu cika jin ta a jika ba. A Kano, wadda take digiri 12, tazarar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. A Tromso kuwa, daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan. Takan sauko da tsakar dare ta yi kamar za ta shige bayan duwatsun arewa, sai ta sake ɗagawa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa sam. Saboda duwatsun da suka tare kudancin garin, mutanen cikinsa sukan daina ganinta tun wajen 21 ga Nuwamba, ba sa sake ganinta sai 21 ga Janairu. Da harshensu suna kiran waɗannan makonni lokacin duhu, ko da yake duhun ba baƙi ƙirin ba ne yini guda. Da tsakar rana akan sami 'yan sa'o'i na wani haske shuɗi-shuɗi, kamar na bayan magariba.

Mai jin wannan zai ɗauka sanyin garin ya fi ƙarfin ɗan Adam, alhali ba haka ba ne. Matsakaicin sanyin Janairu bai cika wuce digiri 4 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas ba, kuma mafi tsananin da aka taɓa aunawa a tashar yanayi ta garin shi ne digiri 18.4 ƙasa da sifili, a Fabrairun 1966. Garin Norilsk na Rasha, wanda yake kusan layi ɗaya da Tromso, matsakaicin sanyinsa na Janairu ya zarce digiri 25 ƙasa da sifili. Sirrin bambancin yana cikin teku. Akwai igiyar ruwan ɗumi da take tasowa daga mashigin tekun Meziko, ta ratsa Atlantika, ta bi gaɓar Norwe har ƙuryar arewa. Ita take hana tashar jiragen ruwan Tromso daskarewa duk shekara. Sai dai ruwan ɗumi yana zuwa da hadari da gajimare, shi ya sa garin yake shan ruwan sama a watan Oktoba, da dusar ƙanƙara mai yawa a hunturu. A ranar 29 ga Afrilu 1997 tudun dusar da ta taru ya kai santimita 240, ya fi tsayin ƙofar ɗaki. Bazarar garin kuma ba ta da zafi: matsakaicin Yuli yana wajen digiri 12.

Zamanin da kifi yake yanke hukunci

Labari mafi daɗewa da muke da shi daga bakin mutumin wannan yanki shi ne na wani attajiri mai suna Ottar, wanda ya ziyarci fadar Sarki Alfred na Ingila wajen shekara ta 890, aka rubuta bayaninsa. Ya shaida wa sarkin cewa babu wani ɗan ƙabilarsa da yake zaune arewa da shi, kuma masana da yawa suna ganin gidansa bai yi nisa da inda Tromso yake a yau ba. Ya ce tafiya daga gidansa zuwa kasuwar kudancin Norwe takan ci wata guda, in an sami iska mai kyau kuma ana kwana a gaɓa. A irin wannan tafiya, cikin jirgin katako mai tafiya da iska, babu mai hankalin da zai tashi a watannin duhu da guguwa. A 1252 Sarki Hakon ya gina coci a Tromso, amma wurin ya ci gaba da zama ƙauye har ƙarnuka biyar bayan haka.

Abin da ya riƙe mutane a wannan gaɓa shi ne kifi, kuma kifin yana da nasa jadawali. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, kifin kod yakan baro tekun Barents ya gangaro gaɓar tsibiran Lofoten da Senja domin ya yi ƙwai. Saboda haka watannin da suka fi sanyi da haɗari su ne watannin aiki. Maza sukan bar mata da yara da dabbobi a gida, su shiga ƙananan jirage marasa rufi su nufi wurin su. Kifin da aka kama a lokacin akan rataye shi a kan dogayen rumfunan katako, iska ta busar da shi ba tare da gishiri ko hayaƙi ba. Yanayin watannin Fabrairu zuwa Mayu ne ya dace da wannan shanya, domin sanyin ya isa ya hana ƙuda da ruɓewa, amma bai kai na daskarar da naman ya lalata shi ba. In bazara ta shigo, sai a loda busasshen kifin a kai birnin Bergen, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, a dawo da hatsi. Wannan kifi mai taurin itace shi ne har yau yake isowa kasuwannin Najeriya, inda ake kiransa okporoko ko panla, kuma Najeriya tana cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan.

Ɗaruruwan shekaru 'yan kasuwar Bergen da na Trondheim ne suke da ikon cinikin arewa su kaɗai. Sai a 1789 aka sassauta wannan doka, kuma a 1794 Sarki Christian na bakwai na Danmak, wanda Norwe take ƙarƙashinsa a lokacin, ya ba Tromso matsayin birni. Mazaunansa a ranar ba su wuce mutum 80 ba.

Baƙin bazara

Samun matsayin birni ya ƙarfafa wani ciniki da ya riga ya fara. Daga tsakiyar ƙarni na 18, Rashawan gaɓar Farin Teku, waɗanda ake kira Pomor, suka riƙa zuwa arewacin Norwe da garin wani hatsi ɗan'uwan alkama, suna musayarsa da kifi. Su ma yanayi ne ya tsara musu lokaci. Tashoshinsu, irin su Arkhangelsk, suna daskarewa kusan rabin shekara, don haka ba sa iya fitowa sai ƙanƙara ta narke, kuma dole su koma kafin ta sake rufe hanya. Abin ya zo wa masuntan Norwe daidai, domin a Yuli da Agusta ƙuda da tsutsa ba sa barin a shanya kifi, kasuwar Bergen kuwa busasshe take so. Rashawa suna karɓar ɗanyen su zuba masa gishiri a cikin jirgi. Watannin da a da kamun cikinsu asara ne, sai suka zama watannin samun abincin hunturu. Har wani harshen ciniki ya tsiro tsakanin ɓangarorin biyu, gamin-gambizar Rashanci da harshen Norwe, mai kalmomi kimanin 400, wanda ba a jin sa sai da bazara. Juyin juya halin Rasha na 1917 ne ya kashe cinikin, harshen ma ya bi shi.

Akwai wasu baƙin bazarar da suka riga kowa sanin hanya, wato makiyayan ƙabilar Sami, masu kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho da take jure ƙanƙara. Garkunansu suna yin hunturu a cikin ƙasa, a ɓangaren Suwidin, inda dusar take bushe kuma dabba za ta iya tono abinci a ƙarƙashinta. In zafi ya fara sai su gangaro gaɓar teku neman ɗanyar ciyawa da gudun sauro. Kwarin Tromsdalen, a tsallaken ruwa daga birnin, yana cikin wuraren da suke sauka. Yarjejeniyar kiwo da Norwe da Suwidin suka ƙulla a 1919 ta rufe wa da yawa daga cikin waɗannan iyalai makiyayarsu ta bazara, aka tilasta wa wasu ƙaura zuwa kudu. Wanda ya san abin da kan iyaka da toshe burtali suke yi wa makiyayi ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Su kuwa mutanen birnin, sana'ar da ta ɗaga su ita ce farauta a tekun ƙanƙara. Jirgin farko ya tashi daga Tromso a 1820, kuma kafin ƙarshen ƙarnin garin ya zama babbar cibiyar wannan sana'a a Norwe. Ana farautar dabbobin teku masu kitse da fata, kuma lokacin da suke taruwa a kan ƙanƙara domin haihuwa shi ne Maris da Afrilu, daidai lokacin guguwa. A Afrilun 1952 jirage biyar na mafarautan Norwe suka ɓace a ƙanƙarar da ke gabas da Girinlan, da mutum 78 a ciki, kuma uku daga cikin jiragen na yankin Troms ne. Ƙwarewar waɗannan mafarauta ce ta sa masu binciken ƙarshen duniya suka riƙa biyowa ta garin neman jirgi da ma'aikata. A nan Roald Amundsen ya sayi jirginsa Gjoa a 1901, daga nan kuma ya tashi a jirgin sama ranar 18 ga Yuni 1928 domin neman ayarin Umberto Nobile da ya yi hatsari a kan ƙanƙara. Ba a sake ganinsa ba.

Masu zuwa kallon rana

Duk waɗanda muka ambata neman abinci ne ya kawo su. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 aka fara ganin wani sabon baƙo, wanda ya biya kuɗi domin kallo kawai. Sarki Oscar na biyu ya ziyarci tsaunin da ake kira Ƙuryar Arewa a 1873, kamfanin Thomas Cook na Ingila ya kai ayarin 'yan yawon buɗe ido can a 1875, daga baya kuma Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya mayar da gaɓar Norwe wurin hutunsa na kusan kowace bazara. Jiragen masu tafiya da tururi sukan yada zango a Tromso, baƙi su sauka su zaga gari, a kai su Tromsdalen su kalli makiyayan Sami su sayi 'yan kayan hannu. Wasu baƙin sun yi mamakin tarar da mutane masu ado da jin harsunan waje a wannan nisa, har laƙabin Paris ta Arewa ya bi garin. Ga waɗannan mutane tambayar lokacin zuwa ba ta da amsa biyu: Yuni ne ko Yuli, domin a tsaya a kan jirgi da ƙarfe goma sha biyun dare a ga rana.

In Satumba ta wuce, arewa takan koma ita kaɗai. Gaɓar cike take da duwatsu da ƙananan tsibirai, fitilun nuna hanya kuma kaɗan ne, don haka matuƙa suna tsoron tafiya cikin duhu. Wasiƙa daga Trondheim zuwa Hammerfest takan yi mako uku a hanya da bazara, da hunturu kuwa har wata biyar. Wani kyaftin mai suna Richard With, tare da ɗan jagoransa Anders Holte, suka shafe shekaru suna rubuta alƙibla da mintocin kowane sashe na hanyar, ta yadda da agogo da kamfas kaɗai za a iya tuƙi da dare. Ranar 2 ga Yuli 1893 jirginsu ya buɗe layin da ake kira Hurtigruten, ya isa Hammerfest cikin awa 67. Da hunturu jirgin yana tsayawa ne a Tromso. Daga wannan shekara garin ya zama wurin da ake iya zuwa a kowane wata, ko da yake masu zuwa don nishaɗi sun ci gaba da jiran bazara.

Lokacin da haske ya zama abokin gaba

Yaƙin Duniya na Biyu ya juya lissafin gaba ɗaya. Bayan Jamus ta mamaye Norwe a Afrilun 1940, Sarki Haakon na bakwai da gwamnatinsa suka ja da baya zuwa yankin Tromso, suka zauna 'yan makonni, sannan suka bar ƙasar a jirgin yaƙin Birtaniya ranar 7 ga Yuni. Daga 1941 ƙasashen ƙawance suka fara aika makamai da abinci zuwa Tarayyar Sobiyet ta teku, kuma hanyar ta bi ta bayan arewacin Norwe, inda Jamusawa suke da filayen jiragen sama, ciki har da na Bardufoss a kudu da Tromso. A nan ne matuƙa suka gane cewa abincin wani gubar wani ce. Ranar tsakar daren da attajirai suke biyan kuɗi su gani, ita ce ta hana jirgin kaya wurin ɓuya, domin jiragen leƙen asiri suna iya bin sa awa 24.

Ayarin da aka yi wa lamba PQ 17 ya bar Aislan a ƙarshen Yunin 1942. Ranar 4 ga Yuli hukumar sojan ruwan Birtaniya, bisa tsoron cewa katafaren jirgin yaƙin Jamus mai suna Tirpitz ya fito, ta janye masu rakiya ta ce jiragen kaya su watse kowa ya yi ta kansa. Jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa suka bi su ɗaya bayan ɗaya cikin hasken da ba ya ƙarewa. Daga jirage 35, guda 24 suka nutse. Bayan wannan aka riƙa dakatar da ayari a watannin haske, ana jiran duhu da guguwar hunturu, waɗanda kakannin matuƙan suka yi ɗaruruwan shekaru suna gudu.

Shi kansa Tirpitz a bakin Tromso ya gamu da ajalinsa, kuma yanayi yana cikin labarin. A Oktoban 1944 aka kawo shi kusa da tsibirin Hakoya. Jiragen saman Birtaniya sun kai masa hari ranar 29 ga Oktoba, gajimare ya rufe shi. Lokaci yana ƙure musu, domin in ƙarshen Nuwamba ya yi babu sauran hasken da za a auna bam da shi. Ranar 12 ga Nuwamba gari ya waye tangaran, suka dawo da bama-bamai masu nauyin fiye da tan biyar kowanne, jirgin ya kife, mutum wajen dubu suka mutu.

Yadda duhu ya zama haja

Kafin yaƙin ma akwai wasu 'yan tsiraru da duhun ne yake kawo su, wato masana kimiyya. A dararen hunturu marasa gajimare akan ga wani haske kore, wani lokaci da ja ko shunayya, yana kaɗawa a sama kamar labule. Shi ake kira hasken arewa. Masani Kristian Birkeland ya yi hunturun 1899 zuwa 1900 a kan tsaunin Haldde, kusa da Alta, yana nazarinsa, ya kuma kawo bayanin da aka tabbatar daga baya: ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki ne suke fitowa daga rana, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙarshenta biyu, su yi karo da iskar sama a nisan kilomita 100 ko fiye, sai ta yi haske. Tromso yana ƙarƙashin zoben da abin ya fi faruwa, shi ya sa aka kafa cibiyar nazarinsa a garin a 1928. Hasken yana nan duk shekara, amma ido ba ya ganinsa sai sama ta yi duhu, wato daga Satumba zuwa farkon Afrilu.

An daɗe kafin wannan ya zama kasuwa. An gama gadar da ta haɗa tsibirin da ɓangaren tudu a 1960, aka buɗe filin jirgin sama a 1964, jami'a ta fara aiki a 1972, aka fara bikin fina-finai na watan Janairu a 1991. Duk da haka, har farkon wannan ƙarni otal-otal da bazara suke cika. A 2008 tashar BBC ta nuna wani shiri da 'yar wasa Joanna Lumley ta je neman hasken arewa, ta kuma same shi a kusa da Tromso. Sai ga kyamarori da wayoyi masu iya ɗaukar hoto cikin duhu, ga Instagram da ire-irensa, ga jiragen sama masu arha. Wajen 2011 kuma tarin kifin herin ya fara shigowa lungunan tekun da ke kusa da garin daga Nuwamba zuwa Janairu, manyan dabbobin teku da ake kira wel suka biyo shi, masu kallo suka biyo su. Da kifin ya ƙaura arewa zuwa wajen Skjervoy bayan 'yan shekaru, jiragen masu kallo ma can suka koma. Ko a zamanin intanet, kifi bai daina tsara wa garin lokaci ba.

Yau watannin da a da wasiƙa ma ba ta isowa su ne kakar Tromso, lokacin da masauki ya fi tsada. Arziƙin ya zo da nasa nauyi. Gidajen haya da yawa sun koma masaukin baƙi na kwana biyu, ɗalibai da ma'aikata suna kuka da tsadar ɗaki. Baƙin da ba su taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba suna hayar mota su hau titi cikin duhu. Duwatsun yankin kuma suna cin rayuka ta hanyar zaftarewar dusar ƙanƙara: a Janairun 2019 baƙi huɗu daga Finlan da Suwidin suka mutu haka a kwarin Tamokdalen.

Mai salla da mai azumi

Akwai wani mai tambaya da littattafan yawon buɗe ido ba su cika tunawa da shi ba, wato wanda ibadarsa take ɗaure da fitowar rana da faɗuwarta. Matsalar ta daɗe a littattafan Musulmi. Ahmad ibn Fadlan, wanda yake cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga a 922, ya kuma ba da labarin gajartar darensu, har ladani yana ƙin barci don kada asuba ta kuɓuce masa. Ya kuma bayyana wani jan haske da ya gani a sama, wanda masana da yawa suke ɗauka hasken arewa ne. Bulgar kuwa tana wajen digiri 55 ne kawai, nesa ƙwarai da inda rana take ƙin faɗuwa.

A Tromso akwai masallaci mai suna Alnor, ɗaya daga cikin mafi kusa da ƙarshen arewa a duniya, kuma jama'arsa sun fito daga ƙasashe da dama. Daga 2014 zuwa 2017 watan Ramadan ya faɗo cikin makonnin da babu magariba. Malamai sun daɗe da tattauna irin wannan hali, suna kafa hujja da hadisin da ya yi umarni a ƙaddara lokutan salla a ranar da tsawonta ya wuce ƙa'ida. Wasu suka ce a bi gari mafi kusa da yake da dare da yini, wasu suka ce a bi Makka. Jama'ar Alnor sun ɗauki lokutan Makka a irin waɗannan makonni, don haka akan sha ruwa rana tana sama. Da yake watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wajen 2030 zuwa 2033 azumi zai faɗo cikin lokacin duhu, sai a koma neman alfijir da magariba a ranar da rana ba ta fito ba.

To, yaushe za a je?

Bayan duk wannan, mai niyyar tafiya yana da haƙƙin a ba shi amsa. Wanda yake son ganin ranar tsakar dare ya je a Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi sauƙi, ya kuma tafi da rigar sanyi da abin rufe ido, domin barci yana wuya a ɗakin da haske bai bar shi ba. Mai son hawan duwatsu da ƙafa ya jira ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sa'ad da dusar ta narke. Mai neman hasken arewa ya fi samun sauƙi daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris: dare yana da duhun da ake buƙata, yini ya dawo, dusar ƙanƙara ta kwanta, kuma lokutan salla sun yi kusa da waɗanda muka saba. Ya ba kansa kwana huɗu ko biyar, domin gajimare yana iya rufe sama dare uku a jere, babu kuma kamfanin da yake da iko a kan haka. Oktoba da farkon Nuwamba su ne mafi wuya ga baƙo, ga ruwa, ga santsi, ga yini yana raguwa da kusan minti goma kullum.

Mutanen garin kuwa, waɗanda ba su da zaɓin wata, suna da ranar da suka fi ɗoki. Ranar 21 ga Janairu, in sama ta yi kyau, gefen rana yakan leƙo ta tsakanin duwatsun kudu na 'yan mintoci. Makarantu sukan fito da yara waje, a raba burodi mai zaƙi da koko mai zafi, kowa ya juya fuskarsa kudu. A ranar sanyi bai ragu ba, dusar ƙanƙara ma tana da sauran wata uku ko huɗu a ƙasa, kuma a daidai makonnin nan ne kifin kod yake isowa gaɓa kamar yadda yake yi tun zamanin Ottar. Baƙon da ya dace da wannan rana zai ga 'yan mintocin hasken da mutanen garin suka yi wata biyu suna jira.